Murten: yaƙin 1476 ne ya yi garin, ko kuwa ya tarar da shi a ginin sa?

Mai_Taswira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan jiya wani aiki ya kai ni birnin Bern na ƙasar Suwizalan, kuma da na samu hutun yini guda sai abokin aikina ya ba ni shawarar in shiga jirgin ƙasa in je Murten, wani ƙaramin gari da ke bakin tafki a jihar Fribourg, wanda tafiyarsa ba ta wuce rabin sa'a da 'yan mintoci ba. Na hau ganuwar garin na zagaya, na shiga gidan tarihinsu da ke cikin tsohon gidan niƙa, na sauka bakin ruwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk inda na juya magana ɗaya ake yi, wato yaƙin ranar 22 ga Yuni, 1476, da aka fatattaki rundunar Charles, sarkin Burgundi. Ra'ayina shi ne in ba don wannan yaƙin ba, da Murten bai fi kowane ƙauyen masunta da ke bakin tafki ba, kuma da babu wanda zai san sunansa. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su gyara mini idan na kauce.

Malam_Sabo_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam Mai Taswira. Ina ganin ka ɗora keken a gaban doki, ko kuma in ce ka fara gini daga rufi. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, me ya sa sarki mai ƙarfin Charles ya tsaya kusan mako biyu yana jifan ganuwar wannan gari da igwa, maimakon ya wuce abinsa? Amsa ita ce garin yana zaune ne a kan hanyar da ta taso daga Lausanne ta bi kwarin kogin Broye zuwa Bern, kuma duk wanda ya nufi Bern daga kudu maso yamma ba zai so ya bar gari mai ganuwa cike da mayaƙa a bayansa ba.

Sarakunan gidan Zähringen, waɗanda su ne suka kafa Fribourg da Bern, su ne suka zana garin a ƙarshen ƙarni na 12, shi ya sa za ka ga tsarinsa ya yi kama da na tsohon birnin Bern: babban titi mai faɗi a tsakiya, da rumfunan dutse a ƙarƙashin gidaje inda mutum zai yi tafiya ruwan sama bai taɓa shi ba. A 1255 garin ya shiga ƙarƙashin kariyar Peter na Savoy, wata masarauta da ke kudu maso yammacin yankin, kuma a zamaninsa ne aka gina fadar da ka gani a kusurwar garin. Saboda haka lokacin da Charles ya iso, Murten ya shekara kusan 300 yana gari mai kasuwa da ganuwa.

Dan_Damagaram:
Ina tare da Malam Sabo, amma ina so in ƙara wani abu game da sunan sarkin, tun da mu da muka yi karatu da Faransanci mun san shi da suna Charles le Téméraire. Kalmar nan ba yabo ba ce zalla. Ma'anarta ta fi kusa da mai ganganci, wanda ke kutsa kai ba tare da lissafi ba. Jamusawa kuwa suna ce masa Karl der Kühne, wanda ya fi karkata ga jarumi. Shi kansa garin suna biyu gare shi, Murten da Jamusanci, Morat da Faransanci, kuma duka biyun ne a rubuce a allon tashar jirgin ƙasa.

Baba_Tanko:
A gafarce ni, da na fara karantawa na ɗauka Burundi ake nufi, har na yi mamakin abin da ya kai su Turai. Wace ƙasa ce Burgundi kuma?

Malam_Sabo_Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Burgundi yanki ne a gabashin Faransa ta yau, babban birninsa Dijon, amma a zamanin Charles mulkinsa ya haɗa har da ƙasashen da yanzu suke Beljiyam da Holan da Luksamburg, kuma dukiyarsa ta sa yana gogayya da sarkin Faransa kansa.

Zulai_Fribourg:
Na zauna shekara huɗu a Fribourg ina karatu, kuma Murten ne wurin shan iskarmu a lokacin zafi, don haka bari in sa baki. Akwai kuskuren da baƙi da yawa suke yi, wato ɗaukar cewa mutanen Murten 'yan Suwizalan ne da suka tashi suka kare garinsu daga baƙo. Ba haka abin yake ba. Garin mallakar Savoy ne, kuma mai riƙe da shi, Jacques na Romont, abokin ƙawancen Charles ne. Dakarun Bern da na Fribourg ne suka mamaye shi a watan Oktoba na 1475. Ita kanta Fribourg ba ta shiga tarayyar Suwizalan ba sai a 1481. Wanda ya jagoranci tsaron garin, Adrian von Bubenberg, mutumin Bern ne da aka turo da mayaƙa kusan 2,000. Idan aka duba da kyau, mazauna garin sun tsinci kansu ne tsakanin giwaye biyu, kuma ba a tambaye su wanda suke so ba.

Mai_Taswira:
Malama Zulai, wannan ban san shi ba, kuma na gode. Amma ai maganarki ƙarfafa mini gwiwa ta yi: idan yaƙin ne ya fitar da garin daga hannun Savoy ya sa shi cikin Suwizalan, to yaƙin ne ya yi Murten ɗin da muka sani a yau.

Abu_Safiyya:
Kafin a yi nisa, ya kamata a faɗi yadda yaƙin ya kasance, domin ba kowa ya san shi ba. A ranar 2 ga Maris, 1476, mayaƙan tarayyar sun kori Charles a Grandson, a bakin tafkin Neuchâtel, inda ya gudu ya bar dukiya mai ɗimbin yawa a sansaninsa, amma sojojinsa ba su mutu da yawa ba. Ya sake tara runduna a kusa da Lausanne, ya iso Murten ranar 9 ga Yuni ya yi masa ƙawanya. Igwoyinsa sun fasa ganuwar ta wajen ƙofar Bern, aka kai babban farmaki ranar 18 ga wata, amma mutanen Bubenberg suka mayar da shi. Wannan jinkirin ne ya ba tarayyar damar haɗa kai, har mutanen Zurich ƙarƙashin Hans Waldmann suka yi tafiyar kwana uku cikin ruwan sama suka iso a gajiye, sannan René, sarkin Lorraine, ya zo da mahaya.

Ranar 22 ga wata an wayi gari da ruwa. Charles ya gaji da tsayar da rundunarsa tana jiran farmakin da bai zo ba, sai ya bar mutane kaɗan a shingen da ya kafa a kan tudu, sauran suka koma sansani. Da rana ta yi tsaka sai mayaƙan tarayyar, kimanin 25,000, suka ɓullo daga cikin kurmi suka keta shingen kafin rundunar ta shirya. Tafkin da ke bayan 'yan Burgundi shi ya zame musu tarko, domin babu hanyar gudu, kuma ba a kama fursuna ba a ranar. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu a ɓangaren Charles da 10,000 ko fiye, su kuwa masu nasara 'yan ɗaruruwa suka rasa. Shi Charles ya tsira, amma ya mutu a Nancy ranar 5 ga Janairu, 1477. Jamusawa suna da wata magana da yara ke haddacewa, cewa a Grandson ya rasa dukiya, a Murten ya rasa zuciya, a Nancy ya rasa jini.

Injiniya_Lawal:
Ku yi mini uzuri, ni ba ma'abocin labarin yaƙi ba ne, kuma a ganina an cika ba takobi muhimmanci an manta da ruwa. Tafkin Murten shi ne ƙarami a cikin tafkuna uku na yankin, sauran su ne Neuchâtel da Biel. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 23 ba, zurfinsa kuma kusan mita 45 ne. Kogin Broye yana shiga cikinsa, sannan ruwan ya fita ta wata mashiga zuwa tafkin Neuchâtel. Har tsakiyar ƙarni na 19 filin da ke arewa da garin fadama ce mai faɗi da ake kira Grosses Moos, ambaliya tana cinye amfanin gona, zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutane. E, a Suwizalan, ba kuskuren rubutu na yi ba.

Wani likita ɗan yankin mai suna Johann Rudolf Schneider ya shafe shekaru yana fafutukar a gyara ruwan, injiniya Richard La Nicca ya tsara aikin, aka yi shi daga 1868 zuwa 1891. An karkatar da kogin Aare ta wata babbar mashiga a Hagneck aka zuba shi cikin tafkin Biel, aka faɗaɗa hanyoyin da suka haɗa tafkunan uku, ruwansu ya sauka da kusan mita 2.5. Da ƙasar da aka busar ta fara lotsawa, ambaliya ta dawo, sai aka sake wani aikin daga 1962 zuwa 1973. Yau wannan fadamar tana cikin manyan wuraren noman kayan lambu na ƙasar, karas da albasa da latas da sauransu. Manomin da ke lodin kayan miya zuwa Bern da asuba, da La Nicca yake cin abinci, ba da Bubenberg ba.

Hajiya_Rabi_Geneva:
Injiniya ya yi gaskiya, kuma akwai ƙarin abin da saukar ruwan ta tona. Da tafkunan suka ja baya sai ga turakun katako a gaɓa, ragowar ƙauyukan mutanen da suka zauna a bakin ruwan dubban shekaru da suka wuce. A 2011 hukumar UNESCO ta sa irin waɗannan wurare na kewayen tsaunukan Alps cikin kayan tarihin duniya, kuma akwai ɗaya a Murten, wajen da ake ɗaure jiragen ruwa masu filafilai. Ga kuma Avenches, wadda ba ta kai kilomita 10 daga garin ba, ita ce Aventicum, babban birnin yankin a zamanin Rumawa, har yanzu dandalin wasanninsu yana tsaye. A tsallaken tafkin kuma akwai tudun Vully mai tsayin mita 653, inda mutanen Helvetii, ƙabilar da ke zaune a yankin a da, suka yi garu tun kafin Rumawa su zo. Malam Mai Taswira, wurin da mutane suka yi ta zaɓa tun zamanin da ake sassaƙa dutse, da wuya a ce rana ɗaya ce ta ba shi daraja.

Mai_Taswira:
Hajiya, na yarda wurin tsoho ne. Amma ga Avenches nan da kika ambata, ta fi Murten tsufa da girman asali, kuma yau ta fi shi ƙanƙanta da ƙarancin baƙi. Ashe ke nan tsufa kaɗai ba ya isa.

Dr_Hauwa_K:
Tun da an haɗa maganar ruwa da ta yaƙi, akwai inda suka haɗu a zahiri. A 1825 ruwan tafkin ya rine ya yi ja, mutanen yankin suka ce jinin 'yan Burgundi ne ya taso daga ƙasa. Wani masanin tsirrai na Geneva, de Candolle, ya bincika ya gano cewa wasu ƙananan halittu ne masu kama da gansakuka suke yawaita su rina ruwan. Har yau sunan da ake kiransu da shi a Jamusanci yana nufin jinin Burgundi, ko da a wani tafkin aka gan su. Wannan ya nuna mini cewa bayan shekara 349 yaƙin bai bar zukatan mutane ba, har abin da ba shi da alaƙa da shi ma sai an jingina masa. A nan ina ganin Malam Mai Taswira yana da hujja.

Zulai_Fribourg:
Bari in dawo kan abin da Malam Mai Taswira ya mayar mini, cewa yaƙin ne ya yi Murten na yau. Rabin gaskiya ce. Bayan yaƙin, Bern da Fribourg ne suka riƙa mulkin garin tare, suna karɓa-karɓa wajen turo hakimi, har zuwa 1798 da sojojin Faransa suka shigo. A cikin wannan zamanin ne, a 1530, garin ya bar Katolika ya koma Furotesta, bayan wa'azin Guillaume Farel da kuma goyon bayan Bern. A hankali Jamusanci ya rinjayi Faransanci a cikinsa. Sai a 1803 Napoleon ya miƙa shi ga jihar Fribourg, alhali mutanen garin Bern suke so. Sakamakon haka ka samu gari mai rinjayen masu Jamusanci 'yan Furotesta a cikin jihar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanenta Faransanci suke yi, kuma Katolika ce a tarihinta. Duk wanda ya zauna a can ya san wannan ne abin da ya fi bayyana halin garin: coci biyu a cikin ganuwa, ɗaya ana ce masa na Jamusawa ɗaya na Faransawa, kuma mai sayar da burodi tana gaishe ka da harshe ɗaya ta sallame ka da ɗayan idan ta ji bakinka. Alƙalamin Napoleon ya yi tasiri a nan ba ƙasa da takobin 1476 ba.

Dan_Damagaram:
Na shaida maganar Malama Zulai ta ƙarshe. Na shiga wani shago a babban titin na yi gaisuwa da Faransanci, matar ta amsa mini ba tare da wata gargada ba, amma da ta juya ga abokiyar aikinta sai ta koma irin Jamusancin nan nasu da ko Bajamushe yake shan wahalar fahimta. Sannan ina jan hankalin masu zuwa: akwai wainar Vully iri biyu, mai zaƙi da ake yi da kirim da sukari, da mai gishiri wadda ake sa wa naman alade. Ni ban sani ba sai da na riga na biya kuɗi, Allah ya taimake ni na tambaya kafin in kai baki. Wainar da garin ya shahara da ita, Nidelkuchen, ta kirim ce.

Baba_Tanko:
Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ganuwar. Yaya aka yi tasu ta tsaya har ana hawa ana zagayawa, mu kuwa badalar Kano muna kallo tana narkewa ana yanka filaye a kanta?

Malam_Sabo_Tarihi:
Baba, kwatancen yana da wuya, domin tasu ta dutse ce kuma ta kewaye unguwar da za ka ratsa cikin minti biyar, tamu kuwa ta ƙasa ce mai tsawon kilomitoci, wadda sai an riƙa yaɓe ta bayan kowace damina. Amma ko a Suwizalan garuruwa da dama sun rushe nasu a ƙarni na 19 domin buɗe hanya, Bern kanta ta rushe mafi yawan tata. Murten bai yi girman da zai matsa wa ganuwarsa lamba ba, sai ta tsira. Akwai kuma gobarar 1416 da ta cinye gidajen katako, aka sake gina su da dutse, wanda shi ya sa tsohon garin ya daɗe. Ƙofar Bern da ake gani yanzu ba ta zamanin yaƙin ba ce, an sake gina ta a wajen 1777 zuwa 1778, kuma agogon da ke kanta na 1712 ne, har yau da hannu ake ɗaura shi kullum.

Gudun_Fanfalaki:
Ba wanda ya ambaci tseren, kuma ni shi ya kai ni garin. Ana ba da labarin cewa bayan nasarar wani manzo ya ruga daga Murten zuwa Fribourg riƙe da reshen wata bishiya da suke kira linde, ya sanar da nasara ya faɗi ya mutu, aka dasa reshen ya zama bishiya a gaban majalisar birnin. Malaman tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin almara, kuma duk wanda ya san labarin Marathon na Girka zai ga kamar. Tsohuwar bishiyar ta mutu a shekarun 1980, an dasa wata daga tsatsonta. Tun 1933 ake yin tseren tunawa da shi, a ranar Lahadin farko ta Oktoba, tsawon kilomita 17 da ɗoriya. Na yi shi sau ɗaya, na raina shi saboda na saba da abin da ya fi haka tsawo, sai da na iso hawan La Sonnaz na gane dalilin da ya sa aka ce manzon ya mutu.

Hajiya_Rabi_Geneva:
Ga kuma bikin yara 'yan makaranta da ake yi kowace ranar 22 ga Yuni, suna fitowa da fararen kaya ana ƙawata maɓuɓɓugan ruwan garin da furanni. Ni kuma na samu ganin baje kolin ƙasa na 2002, lokacin da aka kafa wani katafaren akwatin ƙarfe mai tsatsa a tsakiyar tafkin, wanda Jean Nouvel ya zana, kowane gefensa mita 34. Da jirgin ruwa ake zuwa, kuma a cikinsa aka rataye zanen yaƙin da Louis Braun ya yi a ƙarshen ƙarni na 19, mai tsawon kusan mita 100 da tsayin mita 10, yana kewaye mai kallo. Ko a nan ɗin, da aka tashi nuna sabuwar Suwizalan, yaƙin aka ɗauko. Dole in rage wa kaina kaifin maganata ta ɗazu.

Abu_Safiyya:
Ƙarin bayani kaɗan kan tunawa da yaƙin. An tara ƙasusuwan waɗanda suka mutu a wani ɗaki a Meyriez, dab da garin, suka zauna a can fiye da shekara 300, matafiya suna tsayawa suna kallo. Sojojin Faransa ne suka rushe ɗakin a 1798, sannan aka kafa doguwar hasumiyar dutse a wurin a shekarun 1820, wadda take nan har yanzu.

Injiniya_Lawal:
Duk da haka ban sauka daga matsayina ba. Ku hau tudun Vully ku duba: gonakin inabi a gangare, tafki a ƙasa, fadamar da aka busar a hagu, ramukan da sojojin ƙasar suka haƙa a cikin dutsen lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya domin tsare wannan hanyar dai da Charles ya biyo. Janar-janar na 1914 ba don tunawa da Bubenberg suka zaɓi wurin ba, yanayin wurin ne ya tilasta musu, kamar yadda ya tilasta wa Charles.

Mai_Taswira:
Na ji, kuma na janye kalmar ƙauyen masunta, domin Malam Sabo da Hajiya Rabi sun nuna mini ba ta dace ba. Amma har yanzu ina ganin suna daban, asali daban: ƙasa da ruwa sun kafa garin, sunansa kuwa a bakin duniya daga 1476 ya fito. Malama Zulai, maganar 1803 ta buɗe mini wata tambayar. Tun da mutanen garin Bern suke so, sun taɓa neman komawa can daga baya, ko kuwa sun haƙura da Fribourg?

Zulai_Fribourg:
Sun yi ta gunaguni a ƙarni na 19, musamman lokacin da rikicin addini ya yi tsanani, har mutanen yankin suka tayar wa gwamnatin Fribourg da ƙayar baya gab da yaƙin basasar Suwizalan na 1847, amma iyakar ba ta motsa ba. A 2022 ma akasin haka aka gani, domin wani ɗan ƙaramin ƙauye na jihar Bern mai suna Clavaleyres ne ya bar jiharsa ya haɗe da Murten. Idan ka koma, ka sauka da yamma ka hau ganuwar ta wajen cocin Jamusawa, daga can ne ake ganin rufin gidajen da tafkin da tudun Vully a jere.